Yadda ake ƙidaya maƙalolin likita mai bincike da ambaton da aka yi musu, mataki-mataki

Duk lokacin da haɗa dosiye na CAMES, hukumar Afirka da ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma, ya ƙarato, da wuya in ratsa harabar Jami'ar André Salifou ko bakin babban asibitin Zinder ban sha tambayar nan ba: "Malam, an ce in rubuta indice h ɗina, a ina ake samunsa?" Wasu ba nasu suke nema ba. Na wani farfesa ne da za su gabatar a taro, ko wanda suke so ya duba musu tez. Amsawa a tsaye cikin ranar Damagaram ba ta wadatarwa, shi ya sa na zauna na rubuta hanyar da nake bi.

Kalmomi biyu za su riƙa dawowa. Maƙala ita ce rubutun bincike da ya fito a mujallar ilimi. Ambato kuwa shi ne duk lokacin da wani mai bincike ya sa maƙalarka cikin jerin madogararsa. Indice h lamba ce da ke haɗa yawan maƙalolin mutum da yawan ambaton da aka yi musu. Ciro lambar ba ya cin minti biyar. Aikin yana wajen tsince jerin da lambar ta fito daga cikinsa, kamar tsintar tsakuwa a wake: wanda ya yi gaggawa, haƙorinsa ne zai gaya masa.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta, ba waya ba. Waya tana buɗe shafukan, amma cike tebur da haɗe maƙala biyu a ƙaramin allo ɓata rai ne kawai. Sai Excel ko LibreOffice Calc, da kile ta ajiye aiki, da CV na mutumin in akwai, da adireshin imel biyu in naka kake yi: na Gmail da na wurin aiki.

Shafukan neman maƙaloli da ƙirga ambato da za mu yi aiki da su, wato PubMed, Google Scholar, ORCID, iCite, OpenAlex, Scimago da manhajar Publish or Perish, duk kyauta ne. Scopus da Web of Science na kuɗi ne, kuma hukuma ce ke biya, ba mutum ɗaya ba. Sai dai Nijar tana cikin rukunin A na Research4Life, shirin da ya ƙunshi Hinari wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002, don haka jami'o'i da asibitocin koyarwa da suka yi rajista suna shiga ba ko dala. Ka tambayi mai kula da ɗakin karatu yadda ake shiga. Abin da zai fita daga aljihunka forfe na intanet ne da kuɗin buga takarda. Duk wanda ya ce ka biya shi ya buɗe maka ORCID, lambar shaidar mai bincike, ruwan tafki yake sayar maka.

Mai maƙala 20 zuwa 30, ka ba shi yini biyu. In lokacin zafi ne ka fara da sassafe, batir cike, ka riƙa ajiye aikin bayan kowane mataki.

1. Tara sunayen mutumin duka

An gina na'urorin nan bisa tsarin Turawa, inda sunan dangi ɗaya ne ba ya motsi. Mu kuwa muna da sunan yanka, da na uba, wani lokaci da na kaka, ga laƙabi a kai. Wata mujalla ta ɗauki sunan uba ta sa a gaba, wata ta ɗauki na yanka. Ga kuma rubutu: Mahamadou, Mahamane, Maman, Mamane, Issoufou da Youssouf, Elhadji, Elh. da El Hadj. Maï mai ɗigo biyu da Mai marar ɗigo. A idon na'ura kowane ɗaya mutum ne daban.

Na mata ya fi rikitarwa. Likitar da ta fara wallafawa da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma sa na miji, ta zama mutum biyu, kowace da rabin aikin.

Ka ɗauki takarda ka rubuta kowace siga, da gajarce-gajarcenta ta gaba da ta baya. A ƙasa ka jera garuruwan da ya yi aiki ko karatun ƙwarewa, da shekarun: Yamai, Dakar, Bamako, Kotonu, Rabat, duk inda ya zauna. Ka ƙara sunayen mutum uku ko huɗu da ya fi yin rubutu tare da su. Su ne za su raba maka gardama a gaba.

Hattara: kada ka tsaya ga yadda mutumin ya ce yana rubuta sunansa. Ka buɗe maƙalolin ka ga yadda aka buga. Sau da yawa wanda ya tura maƙalar ne ya rubuta sunan abokinsa yadda ya ga dama.

2. Shirya tebur kafin ka taɓa intanet

Layi ɗaya, maƙala ɗaya. Ginshiƙan su ne: take, shekara, mujalla, matsayin sunansa a jerin marubuta (na 1, na 2, na tsakiya, na ƙarshe), yawan marubutan, nau'in rubutun, lambar DOI (lambar shaidar maƙala a intanet), lambar PMID (lambarta a PubMed), sannan ginshiƙai uku babu komai: ambato a Google Scholar, ambato a Scopus, da ambaton kai. Ka fara cikewa daga CV.

A wurin nau'i ka bambanta bincike na asali, rahoton majiyyaci ɗaya, bitar ayyukan wasu, da wasiƙa ga edita.

Hattara: taƙaitaccen jawabin da aka gabatar a taron likitoci ba maƙala ba ne, ko da an buga shi a ƙarin fitowar mujalla. Tez ɗin ɗalibin da mutum ya duba ita ma ba maƙalarsa ba ce. Wadda aka tura ba a karɓa ba tukuna ba ta shiga. Ka buɗe musu shafi na daban a teburin.

3. PubMed: nan ake tabbatar da jeri

A akwatin nema ka rubuta sunan da mujallu suka sa a gaba, sai gajarcen sauran, babu waƙafi babu ɗigo, ka rufe da [au]. Sigogin da ka tara a mataki na 1 ka haɗa su da OR. In sakamakon ya yi yawa, ka ƙara AND Zinder[ad], wato a tsaya ga waɗanda adireshinsu ya ambaci Zinder. Ka sake da Niamey, da kowane garin da ya zauna.

Hattara: kada ka tace da Niger. Zai kwaso maka yankin Neja Delta da jihar Neja ta Najeriya, in kuma ka manta alamar adireshi har fumfunar Aspergillus niger za ta shigo da dubban maƙaloli. Sunan gari ya fi.

Wata hattarar: kafin 2014, adireshin marubuci na farko kaɗai PubMed ke sawa. In mutuminka na uku ne a maƙalar 2011 da wani ya jagoranta daga Dakar, tacewa da Zinder za ta ɓoye ta. Tsofaffin maƙaloli ka neme su da sunansa haɗe da na abokin rubutunsa.

Akwai kuma manyan bincike na haɗin gwiwa da ake sa sunan ƙungiya a matsayin marubuci, a jera likitocin da suka tara bayanai a ƙasa. Waɗannan da [ir] ake nemansu, ba [au] ba. Ka sa su a tebur amma ka yi musu alama, za mu dawo kansu.

Ka zaɓi nasa, ka sauke su a sigar CSV, ka kwafe PMID da DOI zuwa teburinka.

Za ka ga wasu maƙalolin CV ɗin ba su fito ba. Kada ka ce ƙarya aka yi. Pan African Medical Journal, Mali Médical da Médecine Tropicale et Santé Internationale suna cikin PubMed, amma da yawa daga mujallun faransanci da likitocinmu ke wallafawa a ciki, da na jami'o'i, ba sa ciki. Ka neme su a AJOL, rumbun mujallun Afirka, ko a shafin mujallar kanta. In ka ga PDF da lambar fitowa da shafi, maƙala ce, ta zauna a tebur.

4. Google Scholar: buɗe shafi da share shi

Nan ne aka fi samun ambato, nan ne kuma aka fi samun shara, don Google Scholar yana ƙirga komai: mujallu, tez, rahotanni, har takardun da ba a tantance ba.

In naka ne, ka shiga da Gmail, ka danna Mon profil. Ka rubuta sunanka yadda ya fi fitowa a maƙaloli, da wurin aiki, da imel na hukuma. Za a aiko da saƙon tabbatarwa zuwa wannan imel ɗin. In ba ka tabbatar ba, ko ka mayar da shafin na kowa da kowa, ba zai bayyana ga mai neman sunanka ba. Wanda ba shi da imel na hukuma ya je sashen kwamfuta na jami'a ya nema tun kafin ya fara.

Daga nan za a nuna maka maƙaloli rukuni-rukuni a ce ko naka ne. Kada ka karɓi rukuni ɗungurungum. Ka buɗe, ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, teburinka a gefe.

Hattara, kuma wannan ce babba: za a tambaye ka ko a riƙa ƙara sabbin maƙaloli kai tsaye, ko a aiko maka ka duba tukuna. Ka zaɓi na biyu. Na taɓa zama da wani likitan yara yana murnar lambarsa ta haura, muna buɗe shafin sai ga maƙaloli kan noman gero da cututtukan raƙuma, na wani takwaransa da bai taɓa gani ba. Da muka share, fiye da rabin ambaton ya tafi. Gara da muka gani a ɗaki da a ce alƙalin dosiye ne ya gani.

Sai haɗe tagwaye. Maƙala ɗaya takan fito sau biyu, da taken faransanci da na turanci, ko da kuskuren harafi, ambaton ya rabu tsakaninsu. Ka jera shafin bisa take don su kusanci juna, ka yi musu alama, ka danna Fusionner, ka zaɓi sigar da ta fi cika. In tauraro ya bayyana kusa da adadin ambato, Google na nuna cewa abin da aka haɗe bai yi masa kama da abu ɗaya ba. Ka sake dubawa.

Wadda ba ta fito ba sam, akwai hanyar shigar da ita da hannu a alamar ƙari. Za ta zauna a jeri, amma ambatonta zai tsaya babu komai har sai Google ya gano ta da kansa.

A gefen dama za ka ga layi uku: jimillar ambato, indice h, da indice i10, wato yawan maƙalolin da kowace ta samu ambato 10 ko fiye. Kowane layi yana da lamba biyu, ta dukan shekaru da ta shekaru biyar na baya. Kada ka kwafe su tukuna. Ka cike ginshiƙin teburinka maƙala-maƙala.

In na wani kake yi kuma ba shi da shafi, ka sauke Publish or Perish, manhajar Anne-Wil Harzing. Ka sa sunan, ka cire alamar duk abin da ba nasa ba, lambobin su gyaru nan take. Kada ka jera nema da yawa a lokaci ɗaya, Google zai ɗauke ka na'ura ya rufe maka ƙofa na ɗan lokaci.

5. Scopus da sauran

Ko ba ka da rajista, Scopus Preview yana barin ka nemi marubuci ka ga yawan maƙalolinsa, jimillar ambato da lambar h. Da hanyar Research4Life kuwa kana ganin komai dalla-dalla.

Lambar nan za ta gaza ta Google Scholar, wani lokaci da nisa. Ba kuskure ba ne. Scopus mujallun da ya zaɓa kaɗai yake ƙirgawa, kuma ambaton da ya fito daga cikinsu kaɗai yake gani. Likitan da ƴan uwansa na Bamako da Yawunde suka fi ambata, a mujallun da ba sa cikin jerin, zai ga kamar an yi masa sata.

Hattara: saboda rikicin sunaye, mutum ɗaya yakan sami shafi biyu ko uku a Scopus. Akwai hanyar neman a haɗe su a kan shafin marubucin, kyauta ce, amma ba a ranar ake gyarawa ba. Kada ka bari sai ana gobe rufe karɓar dosiye.

OpenAlex, da aka buɗe a 2022, ya isa shaida ta uku in lambobin biyu sun yi hannun riga da yawa. Web of Science ka leƙa shi ne kawai in wanda ya nemi rahoton ya ambace shi da suna.

6. Tace abin da ke kumbura lamba

Abu huɗu ne.

Na farko ambaton kai. Mutum ya ambaci aikinsa na baya ba laifi ba ne, wanda ya shekara goma yana bin fashewar hanji ta taifod dole ya koma kan abin da ya rubuta. Amma mai karanta rahoto yana da haƙƙin sanin nawa ne daga waje. Scopus yana da akwatin cire ambaton kai. Google Scholar ba shi da shi, sai ka danna adadin ka ƙirga da ido. Ba sai ka yi wa duka ba. Maƙaloli uku ko huɗu da ke bakin iyakar h kaɗai ke iya sauya sakamako, za ka gane su a mataki na gaba.

Na biyu manyan binciken haɗin gwiwa. Ɗauki binciken sakamakon tiyata a Afirka, ASOS, da ya fito a The Lancet a 2018: ƙasashe 25 har da Nijar, majiyyata 11.422, masu tara bayanai ɗaruruwa. Shiga irinsa abin alfahari ne. Amma ambaton maƙala ɗaya irin wannan yana iya fin na dukan sauran aikin mutum a haɗe. In ka zuba shi cikin jimilla ba ka faɗa ba, ka ba da hoton da ba na gaskiya ba. Ka fitar da jimilla biyu, da su da kuma babu su.

Na uku mujallun cin kuɗi. Alamunsu sanannu ne: imel na yabo da ba ka nema ba, karɓar maƙala cikin ƴan kwanaki ba gyara ko ɗaya, kuɗin da ba a faɗa ba sai bayan an karɓa, da wani ma'aunin tasiri, wato lambar da ke nuna yawan ambaton da maƙalolin mujalla ke samu, da aka liƙa a shafin farko. Ma'aunin tasiri na gaskiya daga Journal Citation Reports na Clarivate kaɗai yake fitowa. Lambar ISSN ba shaidar inganci ba ce, rajista ce kawai. Ka duba sunan mujallar a DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, da jerin mujallun Scopus, da kundin NLM, ɗakin karatun likitanci na Amurka, ka ga ko tana cikin MEDLINE, jerin mujallun da ya tantance. A Scimago kuma ka ga rukuninta, daga Q1 na sama zuwa Q4 na ƙasa. Rashin samunta a waɗannan wurare bai mayar da ita ta bogi ba, mujallun jami'o'inmu da yawa na kirki ba sa ciki. Abin da kake nema shi ne wadda ta yi iƙirarin tana ciki alhali ba ta ciki.

Na huɗu maƙalar da aka janye. PubMed yana sa mata jan gargaɗi a sama, kuma rumbun Retraction Watch, da ya koma hannun Crossref, ƙungiyar da ke rajistar DOI, a 2023, a buɗe yake kyauta. Google Scholar yana ci gaba da ƙirga ambatonta. Kai ka cire.

7. Lissafa h da hannunka

Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziya a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya kawo ma'aunin a 2005, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Ka jera maƙalolin daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka ba su lamba 1, 2, 3. Ka sauko har inda adadin ambato ya gaza lambar layin. Layin da ke samansa shi ne h.

Misali, mai maƙala 12 da ambatonsu ya kasance 40, 22, 15, 9, 7, 6, 4, 3, 1, 1, 0, 0. Ta shida tana da 6, ta cika. Ta bakwai tana da 4, ba ta kai 7 ba. Ke nan h = 6, i10 = 3, jimilla 108. Yanzu a ce biyu daga ambaton ta shida nasa ne. Ta koma 4, h ya sauko 5. Ka ga dalilin da na ce bakin iyaka kaɗai za ka bincika: ko an cire biyar daga mai 40, babu abin da zai motsa.

Ka yi wannan sau biyu, da ginshiƙin Google Scholar da na Scopus. In abin da ka samu ya saɓa da abin da shafin ke nunawa, akwai tagwaye ko baƙuwar maƙala da ta rage.

Hattara: kada ka cuɗa ginshiƙan, ka ɗauki mafi girma daga nan da can. Kowace lamba da rijiyarta.

8. Sa lambar a muhallinta

h ba ya sauka, ko mutum ya daina aiki, don haka kullum yana fifita dattijo. Hirsch da kansa ya ba da gyara: a raba h da yawan shekarun da suka wuce tun maƙalar farko. Mai h 6 a shekara 8 yana da 0,75. Mai h 10 a shekara 25 yana da 0,4. Wa ya fi motsi?

Fanni ma yana da nasa. Masu binciken ciwon zuciya ko cutar kansa dubbai ne a duniya, suna ambaton juna dare da rana. Masu rubutu kan ciwon noma, mai cin baki da fuskar yara, wanda sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, ko kan yoyon fitsari, ƴan kaɗan ne. Ambato 15 a kan ciwon noma ba ƙaramin abu ba ne. A ganina, kwatanta h na likitan tiyata a Zinder da na masanin ƙwayoyin halitta a Faransa, kamar auna gero da tiyar gishiri ne a ce wanne ya fi nauyi.

Kayan aikin da ke rage wannan rashin adalci shi ne iCite na cibiyoyin lafiya na Amurka, NIH. Ka kwafe lambobin PMID daga teburinka ka zuba, ya ba kowace maƙala lambar RCR, wadda ke auna ta da sa'o'inta na fanni ɗaya. 1,0 na nufin daidai take da matsakaiciyar maƙalar da NIH ta ɗauki nauyi. Iyakarsa biyu: abin da ke PubMed kaɗai yake gani, kuma sabuwar maƙala lambarta ba ta zauna ba tukuna.

Sai ka koma ginshiƙin matsayi ka ƙirga sau nawa ya zo na farko, sau nawa na ƙarshe. A likitanci na farko shi ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe galibi shi ne jagora. h bai san wannan ba, amma masu duba dosiye sun sani. Mai shirin jarrabawar agrégation ta neman ƙarin girma a jami'a, da ake yi duk bayan shekara biyu, ko mai neman shiga jerin cancanta, ya sauke jagoran kimantawa na CAMES na wannan zagayen ya bi shi, kada ya dogara da abin da yayansa a aiki ya yi shekarun baya.

9. Toshe ɓarakar gaba

Wannan na mai shafin ne kaɗai. Ka buɗe ORCID. Za a ba ka lamba mai gurbi 16, na ƙarshe wani lokaci harafin X ne. Ka sa imel biyu, don in ka bar wurin aiki kada ƙofa ta rufe. A wurin sauran sunaye ka zuba duk sigogin mataki na 1. Ka jawo maƙalolinka ta Crossref ko Scopus daga cikin shafin. Waɗanda ba su da DOI ka fitar da su daga Google Scholar a sigar BibTeX ka shigar. Ka ba Crossref izinin ƙara sabbi da kansa.

Hattara: in ka manta kalmar sirri, kada ka buɗe sabo. Ka nemi a maido maka. In ka riga ka yi biyu, a cikin saitin asusu akwai wurin soke ɗaya a mayar da shi kan ɗayan.

Daga yau ka tsayar da siga ɗaya ta sunanka da ɗaya ta adireshin wurin aiki, ka tura wa duk abokin rubutu tare da lambar ORCID kafin ya aika maƙala.

Sai maƙalolin da na'ura ba ta gani. Yawancinsu suna cikin kabad, ko an ɗauke su hoto an mayar PDF. Google Scholar ba ya karanta hoto. Yana son PDF da ake iya zaɓar rubutunsa, wanda bai wuce mega 5 ba, take da sunayen marubuta a shafin farko, madogara a ƙarshe. Ka nemi ainihin fayil daga mujallar, ka nemi izininta, ka ajiye a HAL ko Zenodo, rumbunan ajiyar maƙaloli a intanet. Dukansu kyauta ne, Zenodo ma yana ba da DOI. Yakan ɗauki lokaci kafin ta bayyana a Google Scholar, wadda aka ajiye a Zenodo kuwa ba tabbas ta bayyana. In kana da ta cewa a kwamitin wata mujalla ta gida, ka gaya musu tun Janairun 2023 Crossref ya yafe wa ƙasashe irin Nijar kuɗin zama memba da na rajistar DOI.

10. Rubuta sakamakon

Layi kaɗan ne, amma kowace lamba ta zo da inda aka ciro ta da ranar da aka ciro. Da misalinmu na sama zai zama kamar haka: maƙala 12, kaza daga ciki a PubMed, kaza a matsayin marubuci na farko; Google Scholar, ranar kaza: ambato 108, h = 6, ko 5 in an cire ambaton kai, i10 = 3; Scopus, rana ɗaya: lambobinsa; binciken haɗin gwiwa a layi na daban. A ƙasa ka sa maƙaloli uku zuwa biyar da suka fi tasiri, kowace da jimla ɗaya kan abin da ta gano. In wata ta shiga ƙa'idar magani ta ma'aikatar lafiya ko wani rahoton hukuma, ka faɗa tare da shaida, don babu na'urar da za ta ƙirga maka wannan.

Hattara: in gabatar da wani za ka yi a taro, ka nuna masa takardar tukuna. Yana iya sanin maƙala biyu da ka rasa, ko ɗaya da ba tasa ba.

Ka ɗauki hoton allon kowane shafi ranar da ka kwafi lambobin, don gobe suna iya motsawa. Ka ajiye teburin da hotunan a jaka ɗaya mai ɗauke da kwanan wata a sunanta, kwafi ɗaya a kile, ɗaya a imel ɗinka. Bayan wata shida ka buɗe, ka fara daga mataki na 3.